Gangaren Côte-Rôtie: ƙasa, yanayi da tarihin kalmar "terroir"

0. Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa zaman fassara takardun ayyukan raya karkara daga Faransanci zuwa Hausa a wannan ƙasa tamu ya san wahalar kalmar terroir. In ka ce "karkara" ka yi faɗi da yawa, in ka ce "gonakin gari" ka bar daji da makiyaya a waje, in kuwa ka ce "ƙasa" to ba ka faɗi kome ba, tun da Hausa na kiran turɓaya ƙasa, tana kiran Nijar ƙasa. Kalmar ta shigo mana ne ta hannun masana labarin ƙasa. A shekarar 1964 Gilles Sautter da Paul Pélissier suka yi kira a mujallar L'Homme da a tsara taswirorin terroirs na Afirka, wato filayen da kowace al'umma ke zaune a kai tana cin abinci daga gare su. Daga nan kalmar ta bi ayyukan raya karkara na shekarun 1980 da 1990, har ta kai ga shiga doka: dokar 93-015 ta ranar 2 ga Maris 1993, wadda ta aza harsashin kundin dokokin karkara na Nijar, ta yi maganar terroir d'attache na makiyaya.

A Faransa kuwa, in aka ce terroir, abin da ke fara faɗo wa mutum a rai shi ne gonar inabi. Saboda haka muka ga ya dace mu bi kalmar har gida, mu ɗauki wuri guda ƙarami mu duba abin da take nufi a can. Wurin da muka zaɓa shi ne Côte-Rôtie, ana furta shi "Kot-Roti", ma'anarsa "gasasshen gangare". Abin da ake yi da inabin wurin giya ce, amma ba ita ce abin nazarinmu ba. Ƙasar da hannuwan da suka riƙe ta muke son dubawa.

1. Shimfiɗar wurin da yanayinsa

Kogin Ron, bayan ya baro birnin Liyon, kudu yake miƙewa sosai. Da ya wuce garin Biyen, wanda Faransawa ke rubutawa Vienne, sai ya karkata kudu maso yamma na ɗan taƙi kafin ya koma hanyarsa. A wannan lanƙwasa, a gaɓar dama, kimanin kilomita 30 daga Liyon, gangaren yake. Garuruwa uku ne suka raba shi: Saint-Cyr-sur-le-Rhône, da Ampuis wanda shi ne cibiya, da Tupin-et-Semons. Tsawonsa duka bai kai kilomita 10 ba. A bayansa akwai tsaunin Pilat mai tsayin mita 1432, wanda ke bakin gabas na tsofaffin duwatsun tsakiyar Faransa.

Karkatar nan da kogin ya yi ita ce tushen maganar. Da ya miƙe kudu kawai, da gangaren gabas zai fuskanta, ya sami hantsi ya rasa sauran yini. Da yake ya karkata, sai gangaren ya fuskanci kudu maso gabas, wasu kusurwoyinsa ma kudu sak. Mai karatu na Yamai ko Maraɗi na iya cewa to mene ne a ciki? A wurinmu rana bisa kai take bi, kowane gefen tudu na samun rabonsa har ya ishe shi. Can kuwa wurin na kan digiri 45 da rabi arewa da tsakiyar duniya. A ƙarshen Satumba, lokacin da inabi ke ƙarasa nuna, ko da tsakar rana ranar ba ta hawa fiye da rabin hanya tsakanin gefen sama da tsakiyarta. Haskenta a kwance yake sauka bisa fili shimfiɗaɗɗe, ya bazu, ƙarfinsa ya ragu. Amma gangaren da ya juyo mata fuska kusan kai tsaye yake karɓar ta. Ga inda "gasasshe" ya samo asali.

Gonakin na farawa daga wajen mita 180 bisa teku, su hau zuwa sama da mita 300. A wurare mafi tsanani gangarar na kai kashi 60 bisa 100, wato in ka yi gaba mita 100 ka hau mita 60. Sau da yawa za a ga an rubuta "digiri 60" a maimakon haka; ma'aunan biyu ba ɗaya ba ne, domin kashi 60 bisa 100 digiri 31 ne kawai. Ko hakan ma ya isa ya hana tarakta shiga.

Ruwan sama na shekara wajen milimita 800 ne, kusan abin da Gaya ke samu. Bambancin shi ne can ba a cikin wata huɗu yake zuba ba, ya rarrabu cikin shekara, sai dai yakan yi ƙarfi a farkon zafi da kuma lokacin kaka. Lokacin sanyi akwai ƙanƙara, lokacin zafi akwai ƙuna, domin wurin yana daidai inda yanayin tekun Bahar Rum da ke hawowa ta kwarin kogin ke gamuwa da na tsakiyar nahiyar. Akwai kuma iskar arewa, busasshiya mai sanyi, da mutanen wurin ke kira bise. Tana busar da ganye bayan ruwa, ta rage ruɓewa da fumfuna, amma tana karya rassa in ba a ɗaure su ba. Wannan ne ya sa ba a jan waya a gonakin gangaren kamar yadda ake yi a fili. Sanduna ake kafawa, na itacen châtaignier wanda ba ya saurin ruɓewa, a haɗa kawunan biyu a sama kamar ƙafar bukka, a ɗaure inabin a jikinsu.

2. Baƙa da fara

Duwatsun wurin sun haura shekara miliyan 300. Asalinsu duwatsu ne da zafi da nauyin ƙasa suka sake wa kama a lokacin da tsaunukan tsakiyar Turai ke tasowa. Wata ƴar ƙorama da ake kira Reynard, wadda ke saukowa ta wajen Ampuis, ta raba gangaren biyu. Arewa da ita micaschiste ya fi yawa: dutse ne mai falle-falle kamar ganyen littafi, mai ɗauke da ƙarfe, in ya ruɓe sai ya bar ƙasa mai duhu, ja-ja baƙi-baƙi saboda tsatsa, da ɗan yumɓu a ciki. Kudu da ƙoramar gneiss ya fi yawa, ɗan'uwan irin duwatsun nan na Damagaram ne sai dai shi yana da zane-zane. In ya ruɓe ƙasa mai haske yake bari, mai tsakuwa da rairayi, wadda ba ta riƙe ruwa. Ɓangaren arewa shi ne Côte Brune, na kudu Côte Blonde.

A Faransanci brune da blonde kalmomi ne da aka fi sifanta gashin mace da su, mai duhu da mai haske. Daga nan labari ya tashi, wai wani basarake na gidan Maugiron, masu mulkin Ampuis a ƙarni na 16, yana da ɗiya biyu, ɗaya mai baƙin gashi ɗaya mai farin gashi, sai ya ba kowacce gangare guda. Gidan Maugiron gaskiya ne, fadarsu na nan a bakin kogi. Labarin ɗiyan kuwa, a ganinmu, irin labaran nan ne da ke biyo bayan suna domin su bayyana shi, kamar yadda muke da su birjik game da sunayen garuruwanmu. Wanda ya duba launin ƙasar gefen nan da gefen can ba ya bukatar ɗiyan sarki. Ban da waɗannan manyan sunaye biyu, an raba gangaren gunduwa-gunduwa har 73, kowace da sunanta a rajistar filaye: La Landonne, La Viallière, Lancement, Les Grandes Places da sauransu. A Burgoñ irin waɗannan gunduwoyi climats ake ce musu, kalmar da a yau ke nufin yanayi, amma a Girkanci, inda ta fito, karkata ko gangara take nufi. Daga can ne ma Larabci ya samo iƙlim.

Irin inabin da ake shukawa shi ne syrah, baƙi, kuma doka ta yarda a haɗa shi da wani farin iri, viognier, har kashi 20 bisa 100, bisa sharaɗin a jiƙa su tare tun farko. A aikace kaɗan ne ke kusantar wannan adadi, kuma an fi samun farin a ɓangaren ƙasa mai haske. Shi ma sunan syrah ya ja nasa labarin. An daɗe ana cewa daga birnin Shiraz na Farisa aka kawo shi, wasu suka ce daga Sirakus ta tsibirin Sisil, ba don wata hujja ba sai don kamannin sauti. A ƙarshen shekarun 1990 binciken ƙwayoyin gado da Carole Meredith ta Jami'ar Kalifoniya a Davis ta yi tare da masana na Mompeliye ya nuna iyayensa biyu, dureza da mondeuse blanche, dukansu tsofaffin iri ne na kudu maso gabashin Faransa. Ɗalibanmu masu son danganta kowace kalmar Hausa da Misira ko Bagadaza saboda harafi biyu sun yi kama, ga abin lura.

Tambayar da ta fi muhimmanci ita ce ta wace hanya dutse ke shafar abin da itace ya haifa. Masu talla na son cewa ɗanɗanon dutsen ne ke hawa ta saiwa ya shiga ƴaƴan. Ilimi bai tabbatar da haka ba. Abin da bincike ya nuna, tun daga aikin Gérard Seguin a gonakin Bordo, shi ne babban aikin ƙasa a nan shi ne daidaita ruwa. Ƙasar gangaren ba ta da kauri, ba ta da taki, ruwa ba ya kwanciya a cikinta. Saiwa kan bi tsagar dutsen ta nutsa, ta riƙa samun ɗan danshi kaɗan-kaɗan, ba ƙoshi ba ƙishi mai kisa. Itacen da ke cikin wannan hali ba ya ɓarnar ƙarfinsa wajen ganye, ƴaƴansa ƙanana ne masu kaurin fata. Duwatsun kuma na shan zafin rana su mayar da shi da dare. Manomin da ya san bambancin jigawa da geza da fadama, ya san wadda ke jure fari da wadda ke son shekarar ruwa, zai gane wannan magana ba tare da dogon bayani ba.

Sai dai akwai abin da ya kamata a riƙe: ƙasar da ke kan wannan gangare ba da kanta take zaune ba. Ruwan kaka mai ƙarfi na kwashe ta ya kai gindin tudu. Abin da ke tsare ta shi ne katangun duwatsu da aka jera ba siminti, waɗanda a bakin mutanen wurin ake kira cheys, suna yanka gangaren hawa-hawa, wani hawan ma layi biyu ko uku na inabi kawai yake ɗauka. Abin da ya zube duk da haka, a da cikin kwando ake goya shi a baya a mayar sama. Huɗa kuwa da igiya ake jawo garma daga bisa. Ƙasar da mutum ya goya a bayansa shekara da shekaru, shin halitta za a kira ta ko gini?

3. Hanya da kasuwa

Mutanen da Rumawa suka tarar a yankin su ne Alobroj, Biyen ce babban garinsu, an ci su da yaƙi a shekara ta 121 kafin haihuwar Annabi Isa. A ƙarni na farko miladiyya Pline Babba, wanda ya rasu a shekara ta 79, ya ambaci wani irin inabi na Alobroj mai jure sanyi, da giyar Biyen mai ƙamshin ƙaron itace, wadda ke tsada. Marubutan wancan zamani Biyen suka ambata, ba su ambaci wannan gangare da sunansa ba, ko da yake masu gonakin yau na son a ɗauka duk ɗaya ne. Abin da ba shi da shakka shi ne Biyen babbar tashar ciniki ce: an tono manyan rumbunan ajiya a bakin kogi, da unguwar attajirai a Saint-Romain-en-Gal, ƴan kilomitoci kaɗan daga Ampuis.

A nan ne hujjar Roger Dion ke shigowa. A littafinsa na tarihin inabi da giya a Faransa, wanda ya fito a 1959, ya nuna cewa wuraren da suka yi suna ba kyawun ƙasa kaɗai ya ɗaga su ba. Kusanci da kogi, da hanya, da masu kuɗin da za su saya, su ne ke sa manomi ya ga amfanin wahalar da zai sha. Tarihin Côte-Rôtie ya ba shi gaskiya ƙwarai. Dutsen bai canza ba tun zamanin Rumawa, ranar ma haka, amma darajar wurin ta yi ta hawa da sauka. A 1446 birnin Dijon ya hana giyar Liyon da Biyen da Turnon shiga kasuwarsa, kuma da yake ta Burgoñ hanyar arewa ta bi, wannan babban shinge ne. Sai da aka buɗe mashigin ruwa na Briare a 1642, wanda ya haɗa kogin Luwar da na Sen, aka sami zagaye: a yi jigilar ganguna ta tudu zuwa Luwar, daga can jirgin ruwa ya kai su Pari. A watan Maris na 1787 Thomas Jefferson, jakadan Amurka a Faransa a lokacin, wanda ya zama shugaban ƙasa a 1801, ya bi ta wurin, ya rubuta a littafin tafiyarsa cewa ƙasar mai duwatsu ce, matalauciya, an gina ta hawa-hawa. Jirgin ƙasa ya iso kwarin a tsakiyar ƙarni na 19, kasuwa ta ƙara buɗewa.

Sa'an nan annoba ta zo. Wani ɗan ƙwaro mai cin saiwa, filoksera, da ya shigo daga Amurka, an fara ganin ɓarnarsa a kudancin Faransa a 1863, kafin ƙarshen ƙarnin ya gama da yawancin gonakin ƙasar, har da na wannan gangare. Maganin da aka samu shi ne a yi wa itacen aure, kamar yadda masu lambu ke yi wa mangwaro: gindi na Amurka mai jure ƙwaron, reshe na gida. Wato tun daga lokacin, saiwar da ke taɓa wannan dutse da ake yabo baƙuwa ce. Sake dashe na son kuɗi da hannuwa, ga shi yaƙin 1914 zuwa 1918 ya kwashe samarin ƙauyuka. Waɗanda suka dawo sun tarar masaƙun Biyen da masana'antun Liyon na biyan albashi kowane wata, filin da ke gindin tudu kuma na ba da kayan lambu da ƴaƴan itace da ake sayarwa nan take. Wa zai hau gangare da kwando a baya? Katangu suka zube, daji ya rufe gonaki. Bayan yaƙin duniya na biyu abin da ya rage bai kai hekta 100 ba.

4. Suna a hannun doka

Abin mamaki, a tsakiyar wannan lalacewa ne wurin ya sami kariyar hukuma. Dokar 30 ga Yuli 1935 ta kafa tsarin sunayen asali masu kariya, wanda ake taƙaitawa AOC, tare da kwamitin da daga baya ya zama INAO. Côte-Rôtie ta shiga a 1940. Tun daga ranar, iyakar wurin, da irin da za a shuka, da yawan abin da hekta guda za ta bayar, duk a rubuce suke, kuma wanda gonarsa ke bayan layi ba shi da ikon sa sunan a kwalbarsa ko da taku goma ne tsakani.

Ita kanta kalmar terroir a wannan zamani ne ta wanke. Asalinta daga Latin ne, tushe ɗaya da territoire, kuma da farko filin da gari ke nomawa kawai take nufi, ma'anar da Sautter da Pélissier suka riƙe. Game da giya kuwa, a ƙamus na Furetière na 1690, in aka ce tana da ɗanɗanon terroir aibu ne ake nufi, wato ƙasar ta sa mata wani abu marar daɗi, kamar yadda za mu ce ruwa na warin laka. Sai a ƙarni na 20, da aka bukaci hujjar da za a kare layin da doka ta ja, kalmar ta koma yabo. Saboda haka mai fassara ya san cewa kalma ɗaya ce mai kaya biyu: a bakin masanin labarin ƙasa bayani take yi, a bakin doka kuwa rabo take yi, tana cewa wane na ciki wane na waje. Da ta shiga dokar makiyaya a nan, da kaya na biyu ta shiga, ko da waɗanda suka kawo ta na farko suke nufi.

Doka kaɗai ba ta ta da gangaren ba. Sai da kasuwa ta dawo. Étienne Guigal ya kafa gidan cinikinsa a Ampuis a 1946, gidan ya fara fitar da giyar gunduwa guda da sunanta: La Mouline a 1966, La Landonne a 1978, La Turque a 1985. A shekarun 1980 mai sharhin nan na Amurka, Robert Parker, ya ba su maki mafi girma, masu saye daga ƙetare suka yo ca, farashi ya tashi, samari suka koma sare dajin da kakanninsu suka bari suna sake jera katangu. Yau gonakin sun haura hekta 300. Da kuɗi suka shigo sai gardamar iyaka ta taso, domin wasu sun dasa a saman tudu, inda fili ya kwanta, tarakta ke shiga, ƙasa ta fi kauri, iska ta fi sanyi; masu gangare suka ce wannan cin suna ne ba tare da shan rana ba.

Akwai kuma misalin Seyssuel, a gaɓar hagu, arewa da Biyen kaɗan. Dutsen irin na Côte Brune ne, gangaren na fuskantar rana, an yi noman inabi a can har zuwan filoksera. Amma da aka zo jan layi a 1940 babu mai noma wurin, don haka babu wanda ya nema masa suna. A 1996 manoma uku, Yves Cuilleron da Pierre Gaillard da François Villard, suka sake dasa shi, aka kuma yi shekaru ana sayar da abin da ya bayar ƙarƙashin suna na gama-gari, ba AOC.

Yanzu kuma yanayin kansa na motsi. Girbin da a da ake yi a ƙarshen Satumba ko farkon Oktoba ya matso gaba. A 2003, shekarar tsananin zafi a Turai, tun cikin Agusta aka fara yanka. A irin waɗannan shekaru gunduwoyin da suka fi fuskantar kudu, masu ƙasa marar kauri, su ne ke fara shan wahala: ganye ya ƙone, ƴaƴa su yanƙwane kafin su nuna. Ɓangaren da ke da ɗan yumɓu ya fi jurewa, haka ma wuraren da ke can sama kusa da bakin tudu, waɗanda shekara 40 da suka wuce ake yi wa kallon raini.